'Yan Ajin Ƙarshe a Lokacin Bita

Da Afrilu ta kama, kwanon aji ya ɗau zafi, 'yan SS3 sai su shiga bita. WAEC na bakin ƙofa, NECO na biye da ita. Kowa kiredit biyar yake nema, har da Turanci da Lissafi, sai dai kowa da irin tasa dabarar.

Wanda ya fi cin ran malami shi ne Zai-Fito. Ana tsakiyar bayanin yadda zuciya ke harba jini, ya ɗaga hannu, malam har ya fara murna. "Malam, wannan zai fito?" In aka ce wataƙila, ya rufe littafi. In aka ce ya fito bara, ya yi hamdala, tunda a lissafinsa WAEC ba ta maimaita kanta. Tana maimaitawa kuwa, riga kawai take sauya wa tambayar.

Ɗan hadda yana can lungu yana rangaji kamar mai biya allo. Ma'anar kowane abu na bakinsa, har waƙafi. A juya tambayar kaɗan, sai ido ya raina fata.

Ita kuwa Uwar Jadawali ta sayi rula da biro kala uku, ta zana wa kowace awa darasinta, Kimiyya da kore, Lissafi da ja. Jadawalin ya yi kyau ƙwarai. Ranar Laraba za ta sake wani, don na Litinin bai bar gurbin wanke-wanke ba.

Akwai mai kwana da ƙafa cikin bokitin ruwa yana tauna goro, wai kada barci ya ɗauke shi. Barcin na jiransa a aji, ƙarfe goma daidai. Kusa da shi mai "yayana ya san wani": bai buɗe littafi ba, yana dai sa kati a waya yana jiran amsa ta WhatsApp, wadda sau da yawa ta wata shekarar ce.

Abu ɗaya na ga yana tashe su duka: malam ya raba tsofaffin takardun jarrabawa, ya ajiye agogo a tebur, ya ce minti arba'in, sannan kowa ya yi makin takardar maƙwabcinsa. Nan aji ke kacamewa da gardama kan rabin maki.

Sai mai rantsuwa da cewa ita ko shafi ɗaya ba ta karanta ba. Kada ka tausaya mata. A1 za ta kwasa, Zai-Fito da ya yarda da ita ya tashi da F9.