Ni da Ɗaya ga Janairu

Ina da wani ciwo da 'yan majalisarmu a Tarai suka gaji da jinyarsa: ba a ambaton kwanan wata a gabana in yi shiru. Ka ce ɗaurin auren ƙanwarka 12 ga Yuni ne, kafin ka rufe baki na sanar da kai ranar aka haifi Sardauna, ranar kuma aka yi zaɓen 1993 da Babangida ya soke. "Allah ya sanya alheri" sai na kama hanyar gida nake tunawa.

Tushen ciwon ranar haihuwata ce, 1 ga Janairu. A ranar Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. A ranar naira ta kori fam da sule a 1973. Sudan ta samu 'yanci a 1956, Kamaru a 1960, duk a ranata. Shugabannin Nijar biyu a jere, Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum, ita ce ranar haihuwar da takardunsu suka nuna. Duk shekara sai in ɗinka sabuwar shadda, in zauna teburin mai shayi ina jero su ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce tare muka yi makarantar allo.

Wani abokina ɗan Kibiya ne ya yi mini maganin baki. Ya ce kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa. Mai shayi, 1 ga Janairu. Mai faci, 1 ga Janairu. Shi kansa mugun, 1 ga Janairu.

Ba wanda ya rubuta ranar da na zo duniya. Da aka kai ni firamare, hedimasta ya sa na ɗora hannu ta bisa kai na taɓa kunne, ya ce na kai shida, ya ƙirga baya, ya zuba ranar da ta fi sauƙin rubutu. Haka ya haife mu aji guda da alƙalami ɗaya.

Na je na tambayi Inna. Ta ce, "Da kaka ne, ana cirar gyaɗa, babanka yana gona aka aika masa."

Mai hankali a nan zai haƙura. Ni kuwa lissafi na shiga. Cirar gyaɗa ai wajen Oktoba ke nan! Ranar 1 ga Oktoba aka ba mu mulkin kai a 1960, ranar Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki a 1979, ranar aka haifi Jimmy Carter na Amurka a 1924.

"Inna, ko dai ɗaya ga Oktoba ne?"

"Ni na san Oktoba? Tashi ka ba ni wuri."

Tunda ba ta musa ba, yanzu shadda biyu nake ɗinkawa a shekara.