Juzu'i na Uku

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, idan aka zaro tsohon littafi na rubutun hannu daga cikin gafaka aka ce ya duba ya faɗi zamaninsa, ba ya fara da shekarar da ke rubuce a ƙarshe bayan tammat, sai ya ɗauki warƙa guda ya ɗaga ta wajen hasken rana ya nemi alamar nan ta jinjirin wata uku da ke jikin takardar da fatake ke kawowa ta Tarabulus, ya dubi launin tawada, ya dubi hannun marubuci, sa'an nan ya juyo gare mu ya ce kada mu gaskata shekara don kawai mun gan ta a rubuce, domin mai kwafa yakan kwashe shekarar mawallafi tare da matani ya juye su gaba ɗaya, ko da shi kansa bai zo duniya ba sai bayan shekara ɗari. Na ji wannan magana har na haddace ta kamar Fatiha. Amma ranar da na buƙace ta, a birnin Landan, sai na tarar na baro ta a gida tare da buzuna da butata.

An aike ni Ingila ne kwas ɗin malanta na wata tara, tun zamanin da ake kashe fam da sule da kwabo, na kuwa sauka a farkon hunturu. Da yake ɗakin da na kama haya ba ya ɗumi sai an jefa sule a cikin wani akwati na ƙarfe wanda ba ya ƙoshi, sai na gano cewa kantunan tsofaffin littattafai da ke titin Charing Cross suna da murhu, kuma ba a korar mutum matuƙar yana riƙe da littafi a hannu yana gyaɗa kai. Saboda haka ba son ilmi ne ya kai ni can ba, in ana maganar gaskiya, sanyi ne.

A ɗaya daga cikin kantunan nan akwai wani dattijo mai tabarau a kan karan hanci, wanda ya gane abin da ke kawo ni tun ranar farko amma ya yi mini sutura. Wata rana na ga wasu littattafai uku sun koɗe, an kulle su cikin akwatin gilashi kamar zinariyar amarya, da 'yar takarda a gefe ɗauke da lambobi, na tambaye shi ko lambar tarhon mai su ce. Ya ce a'a, kuɗinsu ke nan. Na nemi kujera na zauna.

Daga nan ya shiga karantar da ni wani fanni wanda ban taɓa sanin Allah ya halicce shi ba, wato ilmin gane bugun farko. Ya ce labaran Turawan Ingila na ƙarni na 19 yawancinsu ba a dunƙule suke fitowa ba. Dickens, alal misali, ya fitar da Pickwick ne kashi-kashi, wata-wata, daga 1836 zuwa 1837, kowane kashi sule guda. Sauran kuwa akan raba labari juzu'i uku a sayar sule 31 da sisi, kuɗin da talaka ba ya iya biya, saboda haka ɗakunan ba da aron littattafai, musamman na wani mai suna Mudie wanda ake biya gini guda a shekara, su ke kwashe yawancin abin da aka buga, jama'a su yi ta ara suna karantawa har littafi ya yi dameji a zubar. Wanda ya tsira da lafiyarsa shi ne ake nema yau ruwa a jallo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hanyar da ake tabbatar da asalinsa. Mu a ilmin hadisi, mai ruwaya in ya cika kuskure malaman jarhi da ta'adili sukan sauke darajarsa. Su kuwa a nan kuskure shi ne isnadi, domin maɗaba'a takan gyara shi a bugu na gaba, sai ya zama wanda ke ɗauke da aibin shi ne ɗan fari. Ya nuna mini zanen farkon Pickwick, inda aka rubuta sunan wani mutum a allon masauki da harafin V maimakon W, ya ce wannan harafi guda ya raba bawa da ɗan sarki. Ya ce Oliver Twist na 1838 sunan Boz ne a kansa, ba Dickens ba, kuma Jane Eyre na 1847 an nuna wani Currer Bell ne ya tace shi, alhali mace ce ta rubuta, Charlotte Brontë. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce akwai Great Expectations, na 1861, juzu'i uku, ɗab'in Chapman da Hall, wanda masu ba da aro suka kusa cinye shi ƙurmus, har ya zama samunsa da kyau sai mai rabo. Ma'anar sunan littafin nan da Hausa ita ce dogon buri. Da ina da basira da na tsaya a nan.

Maimakon haka sai na sayi ɗan littafin rubutu na jera alamomin nan duka kamar mai haɗa laya, na sayi gilashin ƙara girman rubutu, na shiga bin kasuwannin gwanjo kowace Asabar, ina buɗe littattafan mutane ina leƙa su da ido ɗaya, wani lokaci har ina shinshinawa, don dattijon ya ce tsohuwar takarda tana da ƙamshinta.

Ran Asabar ta bakwai, a kasuwar Portobello, a kan wani amalanke, tsakanin agogon da ba ya tafiya da butar shayi marar murfi, na ga wasu 'yan littattafai biyu. Na buɗe na farko. Great Expectations. Charles Dickens. Na sauke ido ƙasan shafi, sai ga 1861 ɓaro-ɓaro. Gwiwoyina suka saki, na yi salati a zuci, na tambayi mai amalanke nawa, da muryar da na so ta fito kamar ta wanda bai damu ba amma ta fito kamar ta ɗan akuya. Ya ce sule biyu da sisi. Na miƙa masa ba tare da na taya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka fara aikena sayen daddawa.

Wajibi ne in yi wa littafin adalci in ce bai yaudare ni ba, domin ya faɗa mini gaskiya har sau uku a shafi guda, ni ne na yi masa tawili irin wanda ko Mu'utazilawa ba su kai ba. Da fari, inda ya kamata in ga Landan sai na ga Leipzig. Na ce Landan gari ne mai unguwanni da yawa, wannan wataƙila tana ƙetaren kogi. Na biyu, inda ya kamata in ga Chapman da Hall sai na ga Bernhard Tauchnitz. Na ce ba mamaki surukinsu ne da ke tsaron kanti. Na uku, an rubuta ƙarara cewa littafin juzu'i biyu ne. A nan ne fa na yi ijtihadin da har gobe nake jin kunyarsa: na ce tun da an tabbatar mini asalinsa juzu'i uku ne, to wannan biyu da aka rubuta kuskuren maɗaba'a ne, kuskure kuwa shi ne hujja, saboda haka abin da ke hannuna ya riga bugun farkon ma fitowa. Abin da ya rage kawai in nemo juzu'i na uku.

Daren nan ban runtsa ba, ba don murna kaɗai ba. Na tuna babin ciniki na cikin Risala, da abin da malamai suka faɗa a kan wanda ya ci jahilcin mai kaya, na ga cewa dukiyar da zan gina gida da ita, in kai mahaifiyata Makka da ita, ba ta kamata a ce tushenta zalunci ne ba. Da Asabar ta zagayo na koma wurin mai amalanke, na ce masa kayan da ya sayar mini sun fi abin da na biya, na damƙa masa fam biyar, kuɗin da na tara don sayen babbar kwat ta sanyi. Mutumin ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya dubi sama, sa'an nan ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da 'yan'uwa a gari masu sha'awar littattafai.

Da na halatta dukiyata sai na zauna na rubuta wa yayana takarda. Na ce, Yaya, Allah ya yi mana buɗi ta inda ba mu zata ba. A shaida wa Inna ta fara shirin sauke farali, a kuma tambayo mini kuɗin kwanon rufi, amma don Allah kada kowa ya ji. Wanda ya san gidanmu ya san cewa wannan jumla ta ƙarshe daidai take da a ba sanƙira goro.

Asabar shida na yi ina farautar juzu'i na uku, cikin hazo da yayyafi, da 'yar rigar saƙa guda a ƙarƙashin babbar riga, ina bin amalanke-amalanke da gidajen gwanjo ina tambaya, har wasu 'yan kasuwa suka riƙa nuna ni da baki in na doso. Littafin kansa kuwa ban karanta ko shafi ɗaya ba, don dattijo ya ce karatu yana rage daraja. Na naɗe shi cikin rawanina na tura ƙarƙashin matashi. A Asabar ta shidan mura ta kayar da ni.

Uwar ɗakina, wata gwauruwa mai kirki wadda ke kawo mini romo da ruwan zafi a gora ta roba, ita ta ci karo da ƙullin tana gyara mini shimfiɗa. Ta kwance, ta yi murna ta ce rabonta da labarin nan tun tana 'yar makaranta, ta tafi da shi, ni kuwa zazzaɓi ya hana ni ko ɗaga hannu. Ta ƙofar da ke buɗe ina hangen ta a kujerarta gaban murhu, tana lasar yatsa tana juya warƙa, in ta gaji ta kife littafin ta ɗora kofin shayi a bayansa, kowane juyi ina jin kwanon rufi guda yana tashi daga kan ɗakin Inna. Bayan kwana uku ta dawo da shi tana share hawaye, ta ce ƙarshen nan kullum sai ya sa ta kuka. Na ce, Iya, ai ba ki kai ƙarshe ba, saura juzu'i guda. Ta ce wane juzu'i? Fursunan ya mutu, tsohuwar mai rigar amarci ta mutu, yaron ya girma ya sake haɗuwa da yarinyar a kangon gidan. Wa ya rage da za a ba da labarinsa, karen maƙwabta?

Da na samu sauƙi na lallaɓa wurin dattijo na ajiye masa su a kan tebur. Ko kofin da ke hannunsa bai ajiye ba. Ya ce Leipzig a Jamus take. Tauchnitz kuwa mai maɗaba'a ne na can, wanda tun daga 1841 ya shiga buga labaran Ingilishi ƙanana masu shiga aljihu, yana biyan mawallafa haƙƙinsu tun ba dokar da ta tilasta masa, da sharaɗin a sayar a ƙasashen Turai ban da Ingila. Matafiya su saya a tashar jirgin ƙasa su karanta a hanya, su ɓoyo su cikin kaya su shigo da su. Maɗaba'arsa ta buga fiye da juzu'i 5,000. Kuma al'adarsa ce, in ya sake buga littafi, ko bayan shekara talatin ne, ba ya taɓa shekarar da ke shafin farko. Sa'an nan ya juya warƙar da ke gaban wannan shafi, wadda ni da gilashina ban taɓa duba bayanta ba, ya ɗora yatsa a kan jerin sauran littattafan mawallafin. A cikinsu har da Edwin Drood, wanda Dickens ya mutu a 1870 bai gama ba. Wato littafin da ke da'awar an haife shi 1861 yana ba da labarin ƙanensa da aka haifa bayan shekara tara, kamar mai ruwayar da ya ce ya ji daga bakin shehin da ya rasu kafin a yi auren iyayensa.

Don ya sanyaya mini rai sai ya ce manyan masana ma an yi musu, domin wani Thomas Wise ya shekara da shekaru yana sayar musu da bugun farko na ƙarya, sai a 1934 wasu mutum biyu, Carter da Pollard, suka bar karanta shekara suka binciki takardar kanta, suka tarar an yi ta da wata ciyawa da niƙaƙƙen itace waɗanda ba a fara yin takarda da su ba a shekarun da aka rubuta. Na ce a raina, ashe abin da mahaifina ke yi ne a zaure da hasken rana. Na tambaye shi nawa zai saya. Ya dubi zoben da kofin shayi ya bari a bango, ya ce sule guda, don muna mutunci.

Takardata ta riga ni isa gida da wata biyar. A tashar jirgi na tarar da jama'a har da maroƙi, yana kirarin mai littafin zinariya, Inna kuwa tuni mata sun fara kiranta Hajiya. Sai da na shekara goma sha ɗaya ina yankar albashi kafin sunan ya tabbata, kwanon rufi kuwa Yaya ne ya saya da kuɗin gyaɗarsa, bai kuma fasa tuna mini ba duk ranar da aka yi ruwa. Littattafan biyu suna nan a kan kantata, na karanta su daga baya, labari ne mai daɗi ƙwarai. In wani daga cikin masu karatu ya ci karo da juzu'i na uku, ya riƙe abinsa, na yafe masa.