Awon Kano a Bikin Sikotilan

Duk wanda ya taso cikin babbar riga ya san yadi mutunci ne. Tela nagari yakan auna jikinka, ya ƙara da tumbin da za ka ajiye nan gaba idan Allah ya buɗa. Da wannan tarbiyya na je karatu Abadin, birnin duwatsu masu ruwan toka a arewa maso gabashin Sikotilan, kuma da ita na shiga shagon kayan gargajiyarsu bayan wani ɗan ajinmu ya sa ni cikin abokan ango.

Ankon bikin kilti ne, wato zanen ulun nan da mazansu ke ɗaurawa. Kusan yadi takwas ake tattarewa, tattarar duka a baya, a ɗaura shi daidai cibiya ya sauka tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Nawa dai sai da na roƙa aka sauko da shi ya rufe gwiwa, doguwar safa ta tare sauran. Ango ya biya hayar kilti. Kwat kuwa na ce saya zan yi, in koma gida da abin nunawa.

Mai shagon dattijuwa ce, tabarau a karan hanci, tef a wuya. Ta zagaya shi ƙarƙashin hammatata, ta ce in sauke hannu in daina hura ƙirji.

"40R," in ji ta.

Lambar awon ƙirji ce da inci, harafin kuma na tsayin mutum: S gajere, R matsakaici, L dogo. Ta ɗauko irin kwat ɗin da suke kira Prince Charlie, ta manyan bukukuwa, baƙa wuluk, da maɓallai masu ƙyallin azurfa, da falmaran mai maɓalli uku a ciki. Gabanta ya tsaya a ƙugu, bayanta yana da 'yar jela. Na sa, na jawo gefen dama da na hagu don su haɗu, suka ƙi ko gaisawa.

"Madam, wannan ai ta ƙanena ce."

Ta ce haka ake ɗinka ta, ba a rufe ta, maɓallan ado ne kawai. An gajarta ta ne don kada ta danne tattarar kilti, kuma don a ga siporan, jakar fatar da ke rataye a gaba tunda kilti ba shi da aljihu. Ta ce abin dubawa kafaɗa ce: ɗinkin ya ƙare inda kafaɗar mutum ta ƙare, hannun rigar ya tsaya a wuyan hannu, bakin farar shat ya ɗan leƙo.

Na saurare ta da ladabi. Amma ni Bakano ne, na san yadda mai kaya ke yabon abin da ya yi masa kwantai. Na fita waje na kira telana, mutumin da ke min ɗinki tun kayan Sallar yarinta. Na ji yana buɗe littafin awo.

"Yallaɓai, ƙirjinka 46 ne. Arba'in kuma? Ko ba sa ba ka abinci a can?"

To, shaidu biyu ke nan: ɗaya na san shi tun ina yaro, ɗaya yau na fara ganinta. Na koma na ce a ba ni 46, kuma L, don ban ga dalilin da zan biya kuɗina a rubuta ni matsakaici ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta gargaɗe ni cewa kayan da aka sa aka je biki ba sa dawowa, ta naɗe min. Daga baya wasu masu neman magana sun ce lambar telana ta kaftani ce, da sararin shan iska da na zaman tabarma a cikinta. Maganarsu ce wannan.

Ranar biki, a wani zaure kusa da kogin Dee, mai hoto ya jera mu. Ya leƙa kyamara, ya ɗago.

"Na ƙarshen can, ina hannuwanka?"

Suna nan lafiya, a ciki. Siporan ma yana nan, sai dai in zan ciro waya dole in yaye falmaran tukuna. In na waiwaya, ni nake fara juyawa, kwat ta biyo baya a kan lokacinta. A cikin hoton na fito kamar buhun gero da aka zazzage rabinsa, ko da yake buhu mai maɓallin azurfa. Mahaifiyar ango ta zagayo ta bayana da fil a baki, ta tattare abin da ta iya ba tare da ta ce uffan ba.

Kawun ango ne ya zo lallashina, ni da ban ce raina ya ɓaci ba. Ya ce kada in damu, Sarki George na Huɗu ma da ya ziyarci Edinbura a 1822 kiltinsa ya yi masa gajarta, sai da ya sa matsattsen wando mai ruwan hoda a ƙasa. Na ce masa ai kuwa da sarki ya kira telana da hakan ba ta faru ba.

Bayan cin abinci aka taso da goge da akodiyan, rawar da suke kira keili. Na nemi kujera a lungu na zauna. Kakar amarya ce ta gano ni, tsohuwa 'yar ƙarama mai farin gashi.

"Tashi, yaro."

"Kaka, ni ban iya ba."

"Ba wanda ya iya."

Rawar Strip the Willow ce: layi biyu suna fuskantar juna, a saƙala gwiwar hannu da ta abokin rawa a yi juyi, a saki, a cafki na gaba, haka har ƙarshen layi, kiɗa yana ƙara sauri. Juyin farko ya tafi lafiya. A na biyu fil ɗin baya suka yi murabus. A na uku Kaka ta miƙo hannu ta damƙa da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, sai dai abin da ta damƙa yadi ne zalla, hannuna ya riga ya ja da baya can ciki. Ta juya, na juya, kwat ta zaɓi wanda za ta bi. Ni na zarce sai teburin kek, Allah ya taimake ni na dafe bango. Kaka kuwa ta ci gaba da gangara layi da kwat ɗina a hannu, jela tana kaɗawa, har ta gama da maza biyu kafin ta lura ba kowa a ciki. Ta ɗaga ta sama, zaure ya ɗauki tafi. Wasu sun ce kwat ta fi ni bin kiɗa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda zan nuna wa Hajiya hoton ɗanta cikin zane. Na tura mata da dare, na zauna ina shirya bayani kan al'adar mutane. Da safe saƙon murya ya shigo. Zanen ko ambatonsa ba ta yi ba.

"Kai, wane tela ne ya cinye maka yadi haka? Riga ko cinya ba ta kai ba. Su kuma waɗannan bayin Allah na kusa da kai, ba su da iyaye ne, aka bar su suka je biki da kayan ƙannensu?"