Ɗan Ga-Ruwa Bai Mallaki Rijiya Ba

Na san tun kafin in buɗe baki kun fara taɓe naku. Musamman ku mutanen Birnin Kudu, da tun da aka ce Aliko Ɗangote a Kwalejin Gwamnati ta garinku ya yi sakandare, kowa ya ɗauka shi ma ya sha ruwan lissafin riba daga randa guda. Ku kuma na Gwaram, da kasuwar Sara ta koya muku taya akuya tun kuna goye, ba a ce muku abu kyauta ne ba ku leƙa haƙoransa ba. To ku gyara zama, da ku nake.

Maganar ita ce ta manhajar kwamfuta iri biyu. Akwai mai kwaɗo, irin su Windows da CorelDRAW, wadda mai ita ya kulle cikinta, ya ce in kana so ka biya lasisi, kuma ko ka biya ba ka da ikon ganin yadda aka ɗinka ta. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda maginanta suka shimfiɗa rubutun da suka gina ta da shi a fili, suka ce kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya ba wani, kai har ya sayar in ya sami mai saye. Ni kuma na ce wannan ta biyun tana kawo kuɗi. Ranar da na faɗi haka a majalisar mai shayi, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya dube ni da tausayi.

"Yaro, ka taɓa kasuwanci?"

"A'a, Baba Alhaji."

"Ai na gani. Wanda ya raba hajarsa kyauta ba ɗan kasuwa ba ne, mai sadaka ne. Allah Ya ba shi lada, amma kada ya zo neman bashi wurina."

Aka yi dariya, har da ni. Sai na tambaye shi wayar da ke aljihunsa. Ya zaro Tecno. Na ce, "Baba, sadakar ce ka saya da kuɗinka." Duk manyan wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke tsakanin Babaldu da Basirka, manhajar Android ce ke motsa su, ita kuma a kan Linux aka ɗora ta. Linux kuwa wani ɗalibi ne a Finland, Linus Torvalds, ya sanar da duniya cewa yana ƙera ta ranar 25 ga Agustan 1991. Kwana biyu bayan haka, ranar 27, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ke nan sa'o'in juna ne, sai dai yayan ya riga ƙanin shiga aljihun mutane. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai waɗannan wayoyi, ya ɗauki Android ya zuba a wayoyinsa yana kwasar riba. Google da ke rabon ta yana cin nasa ta talla da kasuwar manhajoji. Yaron da ke gyaran waya a tasha yana cin nasa. Wa ya yi asara a nan?

Na ji wani daga baya yana cewa ai wannan wayo ne irin na mai ƙugiya, tsutsar ce kyauta. Gaskiyarka, Malam, ban musa ba. Google bai buɗe duka ba, ɗakunan da kuɗin ke ciki yana nan riƙe da makullansu. To bari in kawo maka wanda ya buɗe, kuma ya ci.

Kamfanin Red Hat na Amurka, tun 1993, sana'arsa Linux ce, abin da kowa zai iya saukewa ba ko sisi. A 2012 cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 1. A 2019 kamfanin IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34. Ku buga wannan a naira, in kalkuletar wayarku ta ɗauka ku zo ku faɗa mini.

Me yake sayarwa? Abin da ɗan ga-ruwa ke sayarwa. Rijiya ta kowa ce, ba a taɓa hana ku guga ba. Amma da asuba kuna leƙe ta ƙofa kuna jiran ƙarar kurarsa, ku biya kuɗin jarka kuna godiya. Ƙafarsa kuka saya, da kafaɗarsa, da tabbacin cewa gobe ma zai zo. Banki ko kamfanin waya da ke da dubban na'urori ba ya son ranar da abu ya tsaya cikin dare a ce masa ya je ya tambayi 'yan sa-kai. Yana son lambar da zai kira, da wanda zai riƙe wa wuyan riga. Red Hat ya ce ga wuyan rigata, ku biya duk shekara. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski, kuma askin nan shi ne hajar.

Ko ƙosai ku duba. Akwai macen da ba ta san wake da albasa da attaruhu ba? Asirin a fili yake. Amma a layi guda za ka ga kasko ɗaya ana turereniya, ɗaya kuma mai shi tana korar ƙuda.

Har masu kwaɗon sun gane. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kira Linux ciwon daji. A 2018 Microsoft ɗin ya zuba dala biliyan 7.5 ya sayi GitHub, zauren da maginan buɗaɗɗun manhajoji na duniya ke ajiye aikinsu. Ban san me kuke kiran wanda ya zagi kasuwa da safe ya sayi rumfa a cikinta da yamma ba. Ni dai ina kiransa mai hankali.

Kada ku ce duk labarin Turai nake ba ku. Ku shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ƙarshen wata, ku nemi jami'in da ke tattara alƙaluman asibitoci, haihuwa nawa, rigakafi nawa, zazzaɓin cizon sauro nawa. Inda yake zuba su sunansa DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, Najeriya ta ɗauke ta, haka ma ƙasashe sama da 70. Masu duba aikin rigakafin shan inna da kuka riƙa gani suna latsa waya a ƙofar gida, da yawansu ODK suke cikawa, ita ma buɗaɗɗiya. Ba a sayi ko ɗaya ba, amma masu koyar da su, da masu saita su, da masu ajiye bayanan, duk da albashinsu. Kuɗin da da lasisi zai tafi da shi ƙetare, wani kaso nasa a hannun ɗan gida yake tsayawa.

To, yanzu bari in ba ku sandar da za ku dake ni da ita, tunda na ga ba ku iya nemo ta da kanku ba.

Yawancin masu gina buɗaɗɗun manhajoji ba sa samun komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin rabin intanet, sai ga shi gudummawar da masu kula da ita ke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, alhali manyan kamfanoni na ta tatsar ta. Wasu kuma sun gina abinsu, manyan kamfanoni irin su Amazon sun ɗauka sun yi haya da shi sun fi su samu. Haushin haka ya sa MongoDB ya sauya lasisinsa a 2018, Elastic ya bi sahu a 2021, ko da yake shi ya dawo a 2024. Wato ɗan ga-ruwa yana ci, amma wanda ya haƙa rijiyar sau da yawa sai addu'a. Nan kam Baba Alhaji ya yi gaskiya, na sara masa.

Sai dai ku ma ina da tambaya, ku masu shagunan buga takardu da katin biki. Kun fi kowa ɗaga murya cewa araha ba ta ado, mai kwaɗo ta fi inganci. Madalla. Windows ɗin da ke kan kwamfutarku, ina rasit? CorelDRAW ɗin fa, nawa kuka biya? Kada ku sunkuyar da kai, ai mun san juna. A filas aka kawo muku, an ɓalle kwaɗon, da ƙwayar cuta a ciki a matsayin gyara. A garuruwanmu abokiyar karawar buɗaɗɗiyar manhaja ba ta kuɗi ba ce, ta sata ce. Shi ya sa LibreOffice ba ta da kasuwa a wurinku: ba ku ga dalilin karɓar halak kyauta ba, tunda kuna samun ɗayar ita ma kyauta. Banza ta kori wofi ke nan. Amma kuma VLC, mai hoton mazurarin kan titi, wadda kuke kunna fina-finan Kannywood da ita dare da rana, ita ma buɗaɗɗiya ce, daga Faransa, ban taɓa jin kun ce ba ta ado ba.

Abin da nake hangowa ga yaranmu ƙarami ne, ba na Red Hat ba. Makaranta mai zaman kanta tana son tsarin fitar da sakamakon jarrabawa. Kantin magani yana son lissafin kaya. Ƙungiyar manoman shinkafa tana son rajistar mambobi. Manhajojin da ke yin waɗannan suna nan a buɗe, an riga an gina. Abin da babu shi ne yaron da zai zauna ya iya su, ya mayar da su Hausa, ya saita, ya karɓi kuɗin wata, kuma ya ɗaga waya in an kira. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar, kun san halinmu.

Baba Alhaji dai har aka tashi bai sallama ba. Ya ce sai ranar da ya ga ɗan Gwaram ya sayi babur da wannan sana'a. Na amince. Amma kafin ranar, duk wanda ya rantse ba ya hulɗa da kayan banza, ya kawo mini wayarsa in riƙe masa, ya koma ƙaramar Nokia mai tocila. Ina majalisar mai shayi bayan la'asar, kuma na zo da jaka.