Rabe-Raben Masu Wasan Zelda da Halayensu a Gaban Hannunka-Mai-Sanda

Wasan bidiyon nan mai suna The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1986 kuma ya isa Amurka a 1987, yana cikin wasannin kasada na farko-farko da suka saki mai wasa a tsakiyar daji ba tare da an ce masa ga gabas ga yamma ba. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, waɗanda suka tsara shi, sun ɗora wa wani yaro mai suna Link nauyin tattaro gutsattsari takwas na wani abin tsafi da ake kira Triforce daga gidajen dodanni da ke ƙarƙashin ƙasar Hyrule, kafin ya shiga gida na tara ya kashe Ganon ya kuɓutar da gimbiya Zelda. Ƙofofin wasu gidajen a ɓoye suke, kuma jagorar da ake samu ba ta wuce ta wasu tsofaffi masu zaman kogo ba, waɗanda kowannensu ke furta jimla guda gajeriya cikin hannunka-mai-sanda, wadda fassarar Turanci ta ƙara wa duhu. A gaban wannan duhu ne halin kowane mai wasa yake fitowa fili, har ana iya karkasa su gida-gida.

Na farko shi ne Mai Ƙona Daji, wanda wata rana ya cinna wa wata bishiya wuta da kyandir, sai ga matakala ta bayyana a gurbinta, tun daga ranar kuwa ya yanke hukuncin cewa kowace bishiya a Hyrule abar tuhuma ce. Ƙasar ta kasu fage 128, wato yankin da ke cika fuskar talabijin a lokaci guda, shuɗin kyandir kuma sau ɗaya yake kamawa a kowane fage, don haka dole ya ƙona bishiya ɗaya, ya fice zuwa fagen maƙwabta, ya dawo ya ƙona ta biyu, haka har dare ya raba. Ba a iya cewa ya yi wauta, domin ƙofar gida na takwas a ƙarƙashin bishiya take. Ƙaninsa, Mai Fasa Duwatsu, da bam yake nasa binciken, kuma yakan dace ya fasa wani kogo inda zai tarar da dattijo a fusace, wanda zai cire masa rufi 20, wato kuɗin da ake kashewa a wasan, a matsayin ladan gyaran ƙofar da ya lalata.

Na biyu shi ne Mai Taswira, mutum natsattse wanda ba ya kunna na'ura sai ya jera takarda mai layi-layi da fensir da magogi. Taswirar da aka haɗo da kaset ɗin ba cikakkiya ba ce, shi kuwa ya ɗauki wannan giɓi a matsayin cin fuska, saboda haka yakan tsayar da wasan a kowane fage ya zana dutse da ruwa, ya ƙirga itatuwa. Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da ya shiga Lost Woods, dajin da ke maimaita kansa, wanda ba a ratsa shi sai an bi arewa, yamma, kudu, sannan yamma. Kafin ya gane haka yakan zana fage guda sau shida a jere, ya liƙa sabuwar takarda da gam, yana mamakin faɗin dajin.

Na uku, wanda ya fi kowa cancantar nazari, shi ne Mai Tawili, wato mai ɗaukar kowace kalma ta tsofaffin nan ya yi mata sharhi kamar nassi. Wani lokaci sharhin yakan biya. Idan aka gaya masa cewa dodon nan Dodongo ba ya son hayaƙi, shi ne ke gano cewa bam ake ajiye masa a gaba ya haɗiye, idan kuma aka ce akwai sirri a inda aljanun ruwa ba sa zama, shi ne ke tuna tafkin da babu aljana a cikinsa, ya je ya busa sarewa, ruwan ya ƙafe, ƙofar gida na bakwai ta bayyana. Abin da ya kayar da shi shi ne Pols Voice, wata halitta mai manyan kunnuwa kamar na zomo, wadda littafin bayanin wasan ya ce ta tsani ƙara. Mai Tawili na Amurka ya busa mata sarewa, ya sake busawa, ya busa a kusurwa, ya busa a tsakiyar ɗaki, ita kuwa tana ta tsalle abinta. Gaskiyar maganar ita ce na'urar Famicom ta Japan tana da makirufo a jikin madannin hannu na biyu, wanda ake yi wa ihu halittar ta mutu, na'urar NES ta Amurka kuwa ba ta da shi, amma aka bar bayanin yadda yake. Ko bayan ya sami wannan labari, Mai Tawili yakan nace cewa akwai wata ma'ana ta ciki da ba a gano ba tukuna.

Na huɗu shi ne Mai Girman Kai, wanda ya yi rantsuwa ba zai tambayi kowa ba. A cikin gida na bakwai akwai wani dodo, Goriya, da ke tsaye ya tare hanya, ba ya kai hari, ba ya matsawa, gunaguni kawai yake yi. Mai Girman Kai yakan kai masa sara, ya ajiye masa bam, ya busa masa sarewa, ya kashe na'ura ya tafi yana huci, gobe ya dawo ya maimaita. Ƙanwarsa da ke wucewa da faranti takan ce, "Yaya, kamar yunwa yake ji," shi kuma ya kore ta da tsawa. Yunwar kuwa ita ce amsar, domin nama ake saye a kanti a ba dodon ya kauce. Yakan sayi naman bayan makonni, da daddare, lokacin da ƙanwar ta yi barci, abin da ke tabbatar da cewa girman kai rawanin tsiya ne.

Ɗan Caca ba ya buƙatar dogon bayani. Ya gano kogon da ake zuba rufi 10 a zaɓi ɗaya cikin uku, a ci ko a cinye, tun daga nan ya manta da gimbiya. Tun da kowace kibiya da aka harba rufi ɗaya take ci, yakan isa gaban Gohma, dodon da ba ya mutuwa sai an harbe shi a ido, da baka a hannu da aljihu wayam.

Sai Mai Satar Amsa. A zamanin da, shi ne mai ɓoye mujallar Nintendo Power, wadda ta fara fitowa a 1988, a ƙarƙashin matashi, ko mai buga waya ga ma'aikatan da kamfanin ya ajiye don ba masu wasa shawara, asirinsa kuwa ba ya tonuwa sai takardar kuɗin waya ta iso hannun mahaifinsa. A yau intanet ta sauƙaƙa masa aiki. Ana gane shi da tafiyarsa, domin yakan wuce bishiyoyi goma ba waiwaye ya tsaya a ta sha ɗaya, ya yi ɗan jim kamar mai tunani, ya ce bari dai ya gwada wannan.

Akwai kuma Mai Kawu a Nintendo, yaron da ke da wani kawu wanda ba wanda ya taɓa gani, mai aiko masa da asirai. Yawancin asiran ƙarya ce tsagwaronta, kuma sun jawo wa abokansa asarar ranaku suna tura duwatsun da ba sa motsi. Sai dai an yi rashin sa'a ɗaya daga cikin labaransa ya tabbata: duk wanda ya rubuta ZELDA a matsayin sunansa yakan faɗa kai tsaye cikin zagaye na biyu na wasan, inda aka sauya wa gidajen dodanni wuri da fasali. Wannan gaskiya guda ta ba shi lasisin shekara biyu na ƙarya.

Na ƙarshe shi ne Ɗan Kallo, wanda bai taɓa gama ko gida na farko ba, amma ya san kuskuren kowa. Yana zaune a gefe yana cewa a koma hagu, idan aka mutu ya ce ai dama yake nufi, idan aka miƙa masa madanni kuma ya ce hannunsa na ciwo.

Miyamoto ya sha bayyana cewa da gangan aka bar wasan cikin duhu, domin masu wasa su riƙa musayar abin da suka gano. Idan aka duba ta wannan fuska, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana riƙe da wani yanki na amsar: Mai Ƙona Daji ya gano ƙofar, Mai Taswira ya rubuta inda take, Mai Tawili ya bayyana dalili, Mai Satar Amsa ya tabbatar, Mai Kawu ya yaɗa labarin da ƙarin gishiri. Saboda haka duk wanda ya yi iƙirarin cewa ya kashe Ganon shi kaɗai, bai tambayi kowa ba, bai leƙa ko'ina ba, ya kamata a saurare shi cikin ladabi, sannan a ɗaga matashinsa a duba.