Gargaɗi daga Sama

A Kaduna yanzu, ɗan kasuwa yana da masu gida biyu: wanda ya ba shi hayar shago a Kasuwar Barci ko Kawo, da kuma Facebook. Na farkon ana iya kai masa goro a roƙe shi. Na biyun yana Kalifoniya, kuma ba ya amsa sallama.

Gab da Babbar Sallah, mai raguna zai wanke ragonsa tas, ya ɗauke shi hoto, ya ɗora a Facebook, ya sa farashi. Kafin la'asar sai ga jan rubutu: ka saɓa ƙa'ida. Dokar Marketplace, kasuwar Facebook, ta hana cinikin dabba mai rai, ko da kuwa na layya ne. Hajiya mai kayan mata a Unguwar Rimi ma ta sha wannan hukunci, shi ya sa yanzu komai nata ya koma "zuma" da "haɗin amarya". Na'urar da ke tace rubutun, Hausarta ba ta nuna ba, amma hukuncinta ya fi na alƙali sauri.

Abin yi kaɗan ne. Ka karanta laifin da aka ce ka yi, ka danna neman a sake dubawa, ka yi haƙuri. Kada ka sake ɗora hoton don taurin kai, za a iya ƙara maka hukunci.

Sai dai a kula. Saƙon da ya shigo Messenger yana cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 in ba ka danna nan ka sa kalmar sirri ba, wannan ɓarawo ne sanye da rigar ɗan sanda. Ka danna, gobe shafinka yana tallar kirifto, kwastomominka suna tambaya ko lafiya.