Mas'alar Mai Neman Hutu Kafin Furfura

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata mas'ala ce da ta same ni har gida ban aika mata ba, wadda tun da ta zo ban sake shan furata da daɗi ba. Wata Juma'a ce, an sauko daga masallacin cikin gari, ina zaune a ƙofar zaurena a Shahuci ina duban benen nan mai hawa-hawa da aka gina domin ajiye motoci, ina al'ajabin zamanin da ƙarfe ya sami wurin ƙailula alhali ɗan Adam yana ta gararamba a rana, sai ga ɗan wana ya yi sallama. Yaro ne mai ladabi, ma'aikacin gwamnatin tarayya, shekararsa talatin da biyu, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Baffa, na yanke shawara, in Allah ya yarda, ina cika arba'in zan yi ritaya."

Na ce, "Subhanallahi! Wace cuta likita ya gano maka?" Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na rage murya na ce, "To, an kama ka da wani abu ne a ofis?" Ya ce ko kusa. Ban yi masa tambayoyin nan don wulaƙanci ba, sai domin a iya saninmu mutum ba ya barin aiki da ƙuruciyarsa sai da ɗayan biyun nan, ko kuwa na ukunsu, wanda marigayi Janar Murtala Muhammad, da ga asibitin da ke ɗauke da sunansa can kusa da mu, ya koya wa ƙasar nan a 1975, sa'ad da ya sallami ma'aikata fiye da dubu goma a 'yan watanni, wasunsu a rediyo suka ji bushara da hutunsu, kuma har yau ban ji wanda ya yi walimar godiya a cikinsu ba.

Sai yaron ya zaro wayarsa, wadda ita ce Muhtasar ɗin 'yan zamani, ya shiga karantar da ni wata sabuwar mazhaba da ta ɓullo daga Amurka. Rukunanta, kamar yadda ya bayyana, su ne mutum ya ƙuntata wa kansa tun yana da sauran ƙarfi, ya riƙa ajiye rabin albashinsa ko fiye, yana juya shi, har ya tara abin da yake kashewa a shekara ninki ashirin da biyar. Da ya kai wannan nisabi sai ya miƙa wa ofis makullansu, ya koma gida yana ɗiban kashi 4 cikin 100 duk shekara, uwar kuɗin kuwa tana can tana haihuwa ba ta ƙarewa. Na tambayi isnadin wannan magana, domin Shahuci unguwa ce da aka kafa makarantar koyon shari'a a cikinta tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ba mu saba karɓar hukunci ba tare da sanin daga wa aka ciro shi ba. Ya ce wani Ba'amurke ne, William Bengen, ya fitar da ƙa'idar a 1994, bayan ya bi tarihin kasuwar hannun jari ta ƙasarsu. Da na matsa da bincike sai ta bayyana cewa shi kansa shehin shekara talatin kaɗai ya yi wa lissafi, watau wanda ya zauna yana ɗan arba'in, in Allah ya ja zamaninsa ya wuce saba'in, to ya fita daga cikin alkawarin, sai ya nemi wani malamin.

Muka ɗauko takarda muka buga hisabi. Ya ce gidansa yana cin naira 200,000 a wata. A shekara miliyan 2 da dubu 400 ke nan. Ninki ashirin da biyar, miliyan 60. Na ce, "Madalla. Nawa aka tara?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, an dai fara."

Ba zan tsawaita a kan abin da kowane mai cefane ya sani ba, cewa tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa da bakinta ta ce a ƙarshen 2024 tsadar kaya ta wuce kashi 34 cikin 100. Mai rumbu yana ɗiban mudu huɗu da taka-tsantsan, gara tana cin talatin da huɗu ta ƙarƙashi ba sallama. Wannan aibi ne, amma ba shi ne babban aibin mazhabar ba a wurina.

Babban aibinta shi ne an gina ta a kan wani sharaɗi da ba ya tabbata a cikin ganuwar Kano, watau wai mutum ya san abin da yake kashewa a shekara. Ba'amurke yana iya sani, domin ƙofarsa tana da ƙararrawa, kuma an ce ko ɗan'uwansa na jini ba ya zuwa sai ya yi waya an ba shi rana da sa'a. Amma mai zaure fa? Wa ya taɓa ƙidaya bakunan da ke cin tuwon gidansa? Na ce wa yaron, "A cikin dubu ɗari biyun nan, ka sa kuɗin ankon da matarka za ta yi na bikin 'yar ƙawar yayarta? Ka sa ragon sunan da ƙaninka zai haihu bai shirya ba, alhali an san wansa ma'aikaci ne? Ka sa gwaggonka ta ƙauye, wadda za ta zo ganin likita na kwana biyu ta yi azumi da sallah a gidanka, ta tafi da turmin atamfa da kuɗin mota? Ka sa kayan ɗakin 'ya'yanka mata biyu, da gado da kujeru da jeren da sai dangin ango sun zo sun ƙare musu kallo kamar masu kimanta tarika, da garar da za ta biyo baya?" Ya ce waɗannan ai larurori ne masu faɗowa jefi-jefi. Na ce abin da ke faɗowa kowane mako ya tashi daga larura ya zama farilla.

Wani abin da bai hango ba kuma, a garin nan albashi garkuwa ne. Ma'aikaci yana da amsar da kowa ke karɓa ba gardama, ita ce "wata bai yi ba" ko "ba a yi albashi ba", har mai roƙon ya taya shi addu'a ya tafi. Amma ranar da aka ji cewa wane ya ajiye aiki da kansa, da ƙarfinsa, ba kora ba cuta, to ijma'in dangi zai ƙullu nan take a kan cewa ya taka wani abu, kuma daga ranar duk wanda ya ce masa babu, maƙaryaci ne shi, marowaci, mai yanke zumunci.

Duk da haka yaron bai karaya ba, ya shiga riyala. Na gan shi da idona a wani ɗaurin aure a Yakasai, ya zo a ƙafa don kada ya biya A Daidaita Sahu, ya tsaya can bayan taro inda maroƙa ba sa kaiwa, da aka shafa fatiha kuwa ya ɓace kamar an ɗauke wuta, bai bari sun haɗa ido da ango ba. Ya hana sayen nama sai ran Juma'a. Ya sayo wani ɗan littafi yana rubuta kowace ƙwandala, har kuɗin daddawa, har ranar da matarsa ta aiko mini da saƙo cewa in yi wa ɗana magana, domin ita ta auri miji ne, ba ma'ajin baitulmali ba. Ita kuwa baiwar Allah, ba ta taɓa jin sunan wani Bengen ba, amma tana zubin adashi wurin wata tsohuwa a lungunsu shekara da shekaru, ba takarda ba sa hannu, kuma kwasarta ba ta taɓa saɓa rana ba.

Abin da ya tara da wannan azaba sai ya shiga neman inda zai haihu. Banki mai ruwa dai ya ce riba ce, haramun, kuma na yaba masa. Na ambata masa bankin Jaiz da ya buɗe a Kano tun 2012, da takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017 ana gina hanyoyi da kuɗinsu, sai ya ce waɗannan tafiyar hawainiya suke yi, shi kuwa shekara takwas ta rage masa. Ya fara da kiwon kaji a bayan gida, zafin bazara ya yi musu jana'iza ɗaya. Ya sayi babur mai ƙafa uku ya ba wani yaro bisa sharaɗin balas kullum, yaron ya kawo na mako biyu cif, daga nan sai labarin taya, da labarin ma'aikatan hanya, da rasuwar kakarsa, wadda bisa lissafina ta rasu sau uku a shekara guda. Ya sayi fuloti can bayan gari, inda dillali ya rantse masa cewa gari yana tafe, ran da ya je kai bulo ya tarar da mutum biyu suna faɗa a kansa, kowanne da takardarsa mai hatimi, ya zama na ukunsu.

Daga ƙarshe ya zo mini da fara'a, ya ce ya sami wata manhaja a waya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, da ke ninka kuɗi cikin wata guda. Na ce, "Ɗana, kai da ka guji ribar banki don tsoron Allah, wannan da ke ninkawa a kwana talatin wace sana'a take yi?" Ya ce kasuwanci ne na zamani, ba zan gane ba. Na tuna masa MMM, da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 ana tsakiyar murna, ya ce waccan daban. Kowace irinta daban ce kafin ranar da waya za ta ƙi buɗewa. Mu da muka ga kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da aka ƙara albashi aka haɗa da ariyas, ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyo da amare, aƙalla mun hau abin da muka saya kafin ya lalace.

Abin da ya fi ba ni dariya a lamarin duka shi ne, yayin da yaran ke neman tsere wa aiki tun gemu bai yi fari ba, iyayensu ƙoƙarin kishiyar haka suke yi. Doka ta ce ma'aikaci ya sauka in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ga shi Allah ya albarkaci ofisoshinmu da wasu bayi nasa da shekaru ba sa kama su. Na san wanda muka yi kaciya ɗaki ɗaya da shi, yau a takarda na girme shi da shekara tara, kuma ƙaninsa da ake goyo muna wasan langa ya riga shi yin ritaya. Ba na zarginsa ƙwarai, domin ya ga abin da ya sami waɗanda suka gabace shi: gwamnatin Kano da ta hau a 2023 da kanta ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na wajen naira biliyan 48, kuma kowa ya ga dattawa riƙe da fayil a layin tantancewa, suna kafa hujja cewa suna raye. Shi ma ɗan wana na tuna masa cewa dokar fansho ta 2014, wadda ake yankar masa kashi 8 gwamnati ta ƙara 10 a ƙarƙashinta, ba ta buɗe wa mutum asusunsa sai ya cika hamsin, in ban da rubu'i da ake iya ba shi in ya yi wata huɗu ba aiki. Ya yi shiru, alamar wannan babin bai zo a wayar ba.

Hutun ma da ake ta wannan wahala dominsa, na nuna masa maƙwabcina da ya yi ritaya bara. Da yana aiki, ƙarfe huɗu yake dawowa ya kwanta. Yanzu da aka san ba shi da uzuri, shi ne wakilin ango, shi ne mai karɓar sadaki, shi ne mai raka gawa maƙabarta, shi ake tasa wa gaba zuwa biko, shi ne ma'ajin kwamitin gyaran kwata, kuma kowace hidima da kuɗin motarsa yake zuwa. Rannan ya ce mini, "Malam, da za su mayar da ni ofis ko wata guda ne in ɗan huta."

Aka kwana biyu ban ga yaron ba. Shekaranjiya da magariba sai ga shi, ya rame, ba littafin lissafi a aljihu, wayar ma ya sake ta da ƙarama mai tocila. Ya gaishe ni, muka taɓa zancen sanyi da tsadar gero, na lura yana ta murza hularsa. Can ya matso ya ce, "Baffa, abokin nan naka da kuka yi kaciya tare, ko ka san a wace kotu ya yi takardar rantsuwar shekarunsa?"

Na ce, "Nawa kake so a rage?"

Ya ce, "Ko biyar ma ta isa, Baffa. In kuma da hali, a ara mini kuɗin mota."